Mai Begila: Asalin Sunan da Matsayinsa a Bakin Hausawa

Ranar 15 ga watan Janairu na kowace shekara, sa'ad da ake bikin tunawa da 'yan mazan jiya a Nijeriya, akan kai wani lokaci da fili zai yi tsit, manyan baƙi su miƙe tsaye, sojoji su ƙame. Sa'an nan sai wani soja guda, ko kuwa 'yan kaɗan, su ɗaga wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli su kafa shi a baki, su yi wata doguwar busa mai sanyaya jiki, wadda ake yi domin girmama waɗanda suka kwanta dama a fagen fama. Wanda duk ya taɓa jin wannan busa da wuya ya manta ta. Abin mamaki shi ne, in aka zo ba da labarin bikin da Hausa, sai sunan mutumin da ya yi busar ya gagari masu fassara. Wani ya ce mai busa ƙaho, wani ya ce mai kakaki, wani ya ce ɗan badujala, har akan sami wanda zai ce mai algaita. Alhali kuwa Hausa tana da sunan wannan abu, kuma ta daɗe da shi: begila, wasu su ce bigila, mai busa ta kuwa shi ne mai begila. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan suna shi ya dace a riƙe, domin duk sunan da aka ɗora a maimakonsa yakan ɓata ma'ana biyu a lokaci guda, watau ta begilar da ta abin da aka ari sunansa.

Ita dai begila bututu ce ta tagulla wadda aka naɗe, gefe guda yana da ɗan mabushi inda ake kafa leɓɓa, ɗaya gefen kuwa ya buɗe kamar bakin mazurari. Ba ta da ramukan yatsu irin na sarewa ko algaita, ba ta kuma da maɓallai. Da leɓɓa da ƙarfin numfashi kaɗai mai busa yake sarrafa ta, saboda haka muryoyin da yake aiki da su ba su cika wuce 5 ba. Da waɗannan 'yan muryoyi ake harhaɗa duk kiraye-kirayen bariki: na tashi da asuba, na fitowa fareti, na cin abinci, na sauke tuta da yamma, na kashe fitila, da na gobara. A zamanin da babu na'urar magana a hannun soja, da ita hafsa yake isar da umurni ga mutanen da muryarsa ba za ta kai gare su ba, ko su ci gaba, ko su ja da baya, ko su daina harbi.

Hanyar da ta biyo ta iso ƙasar Hausa sananniya ce. A shekarar 1863 wani hafsan jiragen ruwa na Ingila mai suna Glover ya tara wasu 'yan ƙalilan daga mutanen Arewa da ke Ikko ya mai da su dakaru, har aka riƙa kiransu Hausawan Glover, kuma daga wannan ƙungiya ce sojan Nijeriya yake lissafin asalinsa. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma, ita ce kuma ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris. Da Hausa ake magana a cikin wannan runduna, ko da soja ba Bahaushe ba ne, sai dai Hausa ce irin ta bariki, wadda ta kwashi kalmomin Ingilishi ta tanƙwara su yadda harshen Bahaushe zai iya ɗauka. Daga nan aka sami soja da hafsa da kurtu da kofur da saje da samanja da fareti da ita kanta bariki. Begila 'yar wannan gida ce, tare suka zo, kuma babu wanda ya taɓa cewa a kori kofur ko samanja daga Hausa.

Akwai wani abin lura game da sigar kalmar, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Yawanci akan ce daga kalmar Ingilishi bugle ta fito, watau sunan abin busar. To amma in aka duba yadda Hausawan wancan zamani suka yi da kalmomin Ingilishi masu ƙarewa da sautin /l/, za a ga cewa /r/ suke mai da shi. Haka aka sami tebur da shebur da kebur da fensir da kyandir da basukur, haka kuma a cikin barikin kansa aka sami kofur da kanar da janar. In da sunan abin busar ne Bahaushe ya ara, to abin da ake sa rai shi ne wata siga kamar bigur ko bugur. Sai ga shi /l/ ta tsira, har wasalin /a/ ya biyo bayanta. Wannan ƙarshe kuwa na wani rukuni ne dabam, watau rukunin sunayen ma'aikata waɗanda a Ingilishi ake rubuta su da -er ko -or, Turawan Ingila kuma ba sa furta /r/ ɗin ƙarshe. Su ne irin su soja da hafsa da direba da masinja da kafinta da tela da birkila da lebura. A cikin wannan sahu begila ta fi zama daidai. Ke nan alamu sun fi nuna cewa bugler Bahaushe ya ji, watau sunan mutumin da ke busar.

Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne in aka tuna yadda zaman bariki yake. Kurtu ba ya jin Bature yana zancen kayan busa. Abin da yake ji kullum shi ne hafsa ya ɗaga murya ya kira mai busa, sai wani yaro ya sheƙo da ƙarfensa a hannu. Mai kallo daga gefe yana iya ɗauka ƙarfen ake nema. Da yake kuma kalmar ta ƙare da wasalin /a/, sai ta faɗa jinsin tamata ba tare da wata gardama ba, aka ce begila ce, shi kuwa mutumin aka sake ƙera masa suna da "mai", kamar yadda aka saba da mai kalangu da mai goge. Irin wannan juyi ya faru ga kalmar gadi. A Ingilishi tana iya zama sunan mutumin da ke tsaro, amma da ta shigo Hausa sai ta zama sunan aikin, mutumin ya koma mai gadi. Kalmar da ta bi ƙa'idar sautin Hausa, ta sami jinsi, ta sauya ma'ana a bakin masu harshen, har aka gina wani suna a kanta, ta wuce a kira ta baƙuwa.

Duk da haka masu ƙyamar aro suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi musu rowar adalci ba. Suna cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma tun da Hausawa suna da abin busarsu na yaƙi tun kafin zuwan Turawa, me zai hana a faɗaɗa ma'anar ƙaho ta haɗa da na soja, kamar yadda aka faɗaɗa jirgi daga na ruwa zuwa na ƙasa da na sama? Har ma tarihin kalmar Ingilishin yana goyon bayansu, domin asalinta daga wata kalmar Latin ce mai nufin ɗan bijimi, ta biyo ta tsohon Faransanci, kuma da ƙahon irin wannan dabba aka fara busar kafin a koma ƙera ta da ƙarfe. Watau su ma Turawan daga ƙaho suka faro. Hujja ce mai kyau. Inda ta gaza shi ne ba ta duba irin kayan da kalmar ƙaho ta riga ta ɗauka a Hausa ba.

Da farko dai ƙaho na dabba ne, don haka mai ƙaho yana iya zama sa ko rago. Sa'an nan akwai ƙahon wanzami, wanda ake kafawa a jiki a zuƙe mataccen jini, har in mutum ya ce zai je a yi masa ƙaho babu wanda zai zaci busa yake nufi. Akwai kuma ma'anar da ta fi waɗannan nauyi. Da kalmar ƙaho malamai suke fassara abin da Mala'ika Israfilu zai busa, saboda haka duk Bahaushen da ya zauna gaban malami, in ya ji an ce "busa ƙaho", tashin alƙiyama ne yake fara faɗo masa a rai. Mai fassarar da ya ce an busa ƙaho a wurin tunawa da matattun sojoji, ya jefa mai sauraro cikin wani tunani da shi kansa bai nufa ba. (Ko a mota ma Bahaushe bai yarda ya kira abin gargaɗin direba ƙaho ba, ko da yake sunansa ke nan a Ingilishi. Oda ya ce, ko ham.)

Bayan waɗannan duka ga ƙahon busa na asali, wanda abu ne mai zaman kansa, da siffarsa da mutanensa. Da ƙahon gwanki ake yinsa, a huda shi a gefe kusa da tsini, a busa shi a karkace, saɓanin begila da ake busawa ta kai. Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Tsamiya, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1307 zuwa 1343, aka fara busa dogayen ƙahoni a birnin. Abin da ya shekara ɗari bakwai yana amsa sunansa bai kamata a wayi gari a ce ya raba sunan da wani ba, musamman yanzu da masu busa shi suka yi ƙaranci. Yaron da ya tashi a birni yau yana iya girma bai taɓa ganin ƙahon gwanki ba. In aka koya masa cewa abin da soja yake busawa shi ne ƙaho, to ran da ya karanta labarin mayaƙan dauri ya ci karo da masu ƙaho, sai ya hango soja da kaki da takalmi a tsakiyar 'yan lifidi. Mai son kare Hausa ya yi mata ɓarna ke nan da hannunsa.

Kakaki kuwa matsalarsa ta fi ta ƙaho fitowa fili. Shi ma na ƙarfe ne, shi ya sa wasu suke ganin ya fi kusa da begila, amma tsawonsa yakan kai mita 2 ko fiye, miƙaƙƙe ne, kuma gaɓa-gaɓa ake harhaɗa shi. Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada, tare da figini da takalman gashin jimina. Tun daga nan kakaki alamar sarauta ne. Ba a busa shi don attajiri komai dukiyarsa, kuma ko cikin masu sarauta ba kowa ake busa wa ba. A daren Juma'a, in ana sara a ƙofar fada, ko ran hawan salla, shi ke shaida wa gari cewa sarki yana nan. Daɗin daɗawa, Hausar jarida da rediyo ta riga ta ba kalmar wani aiki sabo, domin shugaban majalisa kakaki ne, mai magana da yawun hukuma ma kakaki ne. In aka ce kakakin rundunar soja, kowa ya san hafsan da ke yi wa manema labarai bayani ake nufi. Mai fassarar da ya ce masu kakakin soja sun yi busa, sai ya bar mai sauraro yana tunanin ko hafsoshin watsa labarai ne suka koma bushe-bushe. Algaita kam ba ta ma shiga wannan zance, don ita da bakin kara take da ramukan yatsu, danginta dabam ne.

Akwai wani bambanci da ya fi na siffa zurfi, shi ne kuma ya kamata ɗalibin harshe ya fi kula da shi. Kayan busar fada magana suke yi. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana hawa ko tana sauka, mabushi yana iya bin hawa da saukar kalmomi da tsawon gaɓoɓinsu har mai sauraro ya gane abin da ake faɗa. Wannan shi ne take. Kakaki da 'yan muryoyinsa biyu yana iya shelar fitowar sarki, ƙaho yana iya kiran jarumi da kirarinsa a tsakiyar daga har tsikar jikinsa ta tashi, ya ƙi gudu don kunyar sunan ubansa da aka ambata. Wanda ya san Hausa, ya kuma san fadar, ba ya bukatar a fassara masa. Kiran begila kuwa a Turai aka tsara shi, babu kalmar Hausa ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Alama ce da aka yi ittifaƙi a kanta, kurtu yana haddace ta a wurin horo kamar yadda yake haddace juya dama da juya hagu, kuma Bahaushe da Batibi da Bayarabe duk abu guda suke fahimta daga gare ta. Ba ta san sunan kowa ba, ba ta san uban kowa ba.

Daga nan ne matsayin mutanen biyu ya rabu. Mabushin fada yana cikin rukunin maroƙan sarki, yana ƙarƙashin Sarkin Busa, galibi gadon sana'ar ya yi, kuma abincinsa yana ga ubangidansa: riga, doki, hatsi, wani lokaci har gida ko gona. Gwanintarsa tana cikin sanin tarihin gidan sarauta da taken kowane basarake. Mai begila soja ne kamar sauran sojoji, yana da lamba, yana da albashi, yana iya zama ɗan kowa daga ko'ina. Ba ya zaɓen abin da zai busa ko lokacin da zai busa shi, in kuwa ya ƙara wani ado nasa a kan kiran da aka umurce shi, horo zai sha maimakon kyauta. Faɗin haka ba rage darajar ɗayansu ba ne. Sana'o'i biyu ne, kuma harshen da ya bambanta maƙeri da maɗinki ba zai rasa bambanta waɗannan ba. Shi wannan rabe-rabe tsakanin sauti don isar da umurni da sauti don nuna alfarma ma ya girmi zuwan Turawa. A cikin Kitabul Farƙi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa saboda shagala da kaɗe-kaɗe, amma ya halatta buga ganga domin wata bukata ta shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta ko saukarta. In aka auna da wannan ma'auni, aikin mai begila ya fi kama da abin da aka halatta ɗin.

Saura 'yan badujala. Su nasu kuskuren mai sauƙi ne, don su ma 'yan bariki ne, kuma sau da yawa a cikinsu mai begila yake tsayawa. Sai dai badujala taron makaɗa da mabusa ce, da manyan ganguna da ƙanana da kayan busa iri-iri, aikinta ta ba sojoji amon da za su daidaita taku a fareti, ta kuma ƙayata biki. Mai begila yana iya yin aikinsa shi kaɗai da asuba, babu ganga babu 'yan kallo.

Gaskiya ne zamani ya rage masa aiki. Na'urorin sadarwa sun karɓe isar da umurni a fagen fama, abin da ya rage masa shi ne tsarin yini a bariki, da gaisuwar manya, da tuta, da jana'iza. Wani yana iya cewa ai ta nan ya matso kusa da mai kakaki, tun da shi ma ya koma abin alfarma. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ko a nan muƙami da tuta yake busa wa. In aka sauya kwamanda yau, gobe busar da aka yi wa na jiya ita za a yi wa sabon, ba a ƙara ko gaɓa ɗaya ba, alhali sabon sarki da nasa taken yake zuwa. Wani abin sha'awa kuma shi ne, a cikin kiraye-kirayen rundunar Afirka ta Yamma akwai wanda Turawa da kansu suka sa wa suna bankwanan Hausa, wanda ake busa wa hafsa in zai bar aiki, kuma sojan Gana ya riƙe shi bayan samun mulkin kai. Abin busar da har aka raɗa wa ɗaya daga cikin kiransa sunan Hausawa, ba daidai ba ne Hausa ta riƙa jin nauyin ambaton sunansa.

Abin da ya kamata masu ƙamus su yi shi ne su shigar da begila da bigila a matsayin siga biyu na kalma guda, su nuna jinsinta, su kawo mai begila da masu begila a ƙarƙashinta, sa'an nan su yi nuni zuwa ga ƙaho da kakaki da farai da badujala domin mai nema ya ga iyakar kowanne. Masu fassarar labarai kuwa ba a nemi wani abu mai wuya daga gare su ba, illa ranar 15 ga Janairu su ce masu begila sun yi busar girmamawa.

Akwai kuma aikin da yake jiran ɗaliban sashen Hausa, wanda ba ya son jinkiri. Kunnen da ya saba jin magana a cikin kalangu da kakaki da wuya ya yi shekaru yana sauraron begila safe da yamma bai laƙa mata kalmomi ba, kuma sojoji a ƙasashe da dama sun yi wa kiran abinci da na tashi irin wannan laƙabi da harsunansu. Sojojin da suka yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945 kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 su ma tsufa ya cim musu. Amma akwai sauransu, akwai kuma 'ya'yan bariki da suka tashi da wannan busa a kunne a Zariya da Kaduna da Kano. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri yana iya ɗaukar rakoda ya zauna da su, ya roƙe su su rera masa kowane kira da baki, ya tambaye su sunan da suke ba shi da kalmomin da suke ji a cikinsa, ya kuma tambayi tsofaffin cikinsu ko sun taɓa jin an kira mutumin da kansa begila, ba tare da "mai" ba.